Gwamnatin Esko Aho da Shekarun Ƙuncin Finlan, 1991 zuwa 1995

Tun daga 2018, duk shekarar da aka fitar da rahoton ƙasashen da mutanensu suka fi jin daɗin rayuwa a duniya, Finlan ce ke zuwa ta ɗaya. Na sha karanta wannan labari a ƙarshen labaran duniya, wurin da muke ajiye abin da zai sa mai sauraro murmushi bayan ya gama jin na yaƙi da tsadar abinci. Wanda ya ji haka zai zaci ƙasar ba ta taɓa sanin wuya ba. Alhali shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, a Helsinki babban birninta, mutane sun yi layi cikin sanyin ƙanƙara suna jiran burodin sadaka, bankuna sun durƙushe, kuma kusan mutum rabin miliyan sun zauna babu aiki a ƙasar da duka-duka mutanenta miliyan biyar ne. Su da kansu kalma ɗaya suke kiran waɗannan shekaru da ita, lama, wato durƙushewar tattalin arziki. Gwamnatin da wannan kaya ya faɗo wa a ka ita ce ta Esko Aho, wadda ta riƙe mulki daga 26 ga Afrilun 1991 zuwa 13 ga Afrilun 1995.

Bukin bashi

Kafin a fahimci wannan gwamnati sai an koma shekaru goma baya. Tun bayan yaƙin duniya na biyu, babban bankin Finlan ne ke ƙayyade kuɗin ruwa da yawan bashin da bankuna za su bayar. Mai son sayen gida sai ya yi shekaru yana ajiya kafin manajan banki ya dube shi. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara kwance wannan ɗauri. A 1986 aka sakar wa bankuna mara a kan kuɗin ruwa, daga baya aka ba kamfanoni damar cin bashi daga waje da kuɗin ƙasashen waje. An buɗe ƙofa, amma ba a ƙara masu gadi ba, domin dokokin sa ido a kan bankuna sun tsaya yadda suke.

Nan da nan bankuna suka shiga tseren bayar da bashi. Farashin gidaje da na hannayen jari ya yi tashin gwauron zabo. 'Yan jarida suka laƙaba wa zamanin suna tattalin arzikin gidan caca. Masu ƙananan kamfanoni da yawa suka karɓi bashi da kuɗin waje saboda ruwansa ya fi sauƙi, suna dogaro da alƙawarin hukuma cewa darajar marka, kuɗin ƙasar, ba za ta faɗi ba.

Akwai kuma ginshiƙi na biyu da ƙasar ta jingina da shi, wato cinikinta da Tarayyar Sobiyet. Ciniki ne irin na ba ni gishiri in ba ka manda: Sobiyet ta aiko da man fetur, Finlan ta aika da jiragen ruwa, injuna, tufafi da takalma, a daidaita lissafi a takarda. A farkon shekarun 1980 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kayan da Finlan ke fitarwa can suke zuwa. A ƙarshen 1990 aka rufe wannan tsari, a 1991 kuma Tarayyar Sobiyet ɗin kanta ta wargaje. Masana'antun da suka saba ɗinka wa kasuwa ɗaya kaya suka wayi gari babu mai saye. A daidai lokacin, haɗewar Jamus ta sa kuɗin ruwa ya hau a duk Turai, kasuwar takarda da katako, wadda ita ce hatsin Finlan, ita ma ta yi sanyi.

Zaɓen 1991 da rabon kujeru

A watan Maris na 1991 aka yi zaɓen majalisar dokoki mai kujeru 200. Jam'iyyar Keskusta, ta tsakiya, wadda tushenta ke karkara wajen manoma, ta fito daga adawa ta ci kujeru 55. Jam'iyyar SDP ta ma'aikata ta sami 48, ta zaɓi komawa adawa. Shugaban Keskusta, Esko Aho, yana ɗan shekara 36, ya zama firaminista mafi ƙarancin shekaru da ƙasar ta taɓa yi zuwa lokacin. Ya haɗa gwamnatin gambiza da jam'iyyu uku: Kokoomus ta 'yan kasuwa da mazauna birane mai kujeru 40, jam'iyyar masu magana da harshen Suwidin, da ƙaramar jam'iyyar Kiristoci. Tun 1966 ba a ga gwamnati mai rinjaye a majalisa wadda babu jam'iyyar ma'aikata ko ɗaya a cikinta ba, kuma ƙungiyoyin ƙwadago sun lura da haka tun ranar farko.

Ministoci 17 ne, bakwai daga cikinsu mata. Ma'aikatar kuɗi ta faɗa hannun Iiro Viinanen na Kokoomus, injiniya kuma tsohon mai kamfani, mutumin da bai iya sakaya zance ba. Paavo Väyrynen, tsohon shugaban Keskusta, ya riƙe harkokin waje. Elisabeth Rehn ta ci gaba da riƙe tsaro, muƙamin da ta hau a 1990. Ilkka Kanerva ya karɓi ƙwadago, Mauri Pekkarinen cikin gida, Pertti Salolainen cinikin waje, Eeva Kuuskoski lafiya da jin daɗin jama'a, Kauko Juhantalo kuma ciniki da masana'antu. A sama da su duka akwai shugaban ƙasa Mauno Koivisto, tsohon gwamnan babban banki, wanda ya yi imani da marka mai ƙarfi.

Yaƙin kare marka

Babbar tambayar da ta tarbi sabuwar gwamnati ita ce: a rage darajar marka ko a kare ta? Masu masana'antun takarda suna son a rage, don kayansu su yi araha a kasuwar waje. Babban banki a ƙarƙashin Rolf Kullberg ya ƙi. Hujjarsa ita ce Finlan ta sha rage darajar kuɗinta a baya, kowane lokaci sai tsadar kaya ta biyo baya ta cinye ribar. A watan Yunin 1991 aka ɗaure marka da eku, ma'aunin kuɗin Turai na lokacin, ba tare da an rage mata ko kaɗan ba.

Kasuwa ba ta gamsu ba. Masu kuɗi suka riƙa canja marka suna fitar da dukiyarsu, babban banki yana ƙara kuɗin ruwa don ya tsayar da su, kuɗin ruwan kuma yana shaƙe kamfanoni da magidanta masu bashi. A watan Oktoba aka gwada wata dabara. Tsohon firaminista Kalevi Sorsa ya shiga tsakanin ma'aikata da masu ɗaukar aiki da shawarar a rage kuɗin ƙwadago da kimanin kashi 7 cikin ɗari, a sami arahar da ake nema ba tare da an taɓa marka ba. Manyan ƙungiyoyin ma'aikatan masana'antu, musamman na takarda da na ƙarfe, ba su amince ba, shirin ya watse. Ranar 15 ga Nuwamban 1991 aka rage darajar marka da kashi 12.3 cikin ɗari, abin da hukumomi suka yi ta rantsuwa ba za a yi ba.

Amana ta lalace tsakanin gwamnati da babban banki. A watan Afrilun 1992 Kullberg ya sauka bayan saɓaninsa da Aho ya fito fili, aka naɗa Sirkka Hämäläinen, mace ta farko a wannan kujera. Ita ma ta gaji yaƙin da ba ya ciwuwa. Ranar 8 ga Satumban 1992, da ajiyar kuɗin waje ta kusa ƙarewa, aka saki marka kasuwa ta yanka mata farashi. Kwana takwas bayan haka fam ɗin Ingila ya bi sahu, Suwidin kuwa sai da ta kai wani kuɗin ruwa na babban bankinta kashi 500 cikin ɗari kafin ita ma ta sallama a watan Nuwamba.

Masu karatu a Nijar, Kamaru da Cadi da suka ga Janairun 1994, lokacin da sefa ta rasa rabin darajarta cikin dare ɗaya, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Wanda ake bi bashi da kuɗin waje ya kwanta da nauyi ɗaya, ya tashi da wanda ya fi shi, bai kuwa ƙara cin ko sisi ba. Haka ta faru ga dubban masu ƙananan kamfanoni a Finlan. Bambancin shi ne Finlan na da masana'antun da suka iya cin moriyar arahar, kuma daga 1993 kayan da take fitarwa suka fara ƙaruwa da sauri.

Bankuna da waɗanda suka tsaya wa wasu

Bankin da ya fara faɗuwa shi ne SKOP, uwar bankunan ajiya na ƙasar, wanda ya fi kowa zurfi a cacar shekarun 1980. A watan Satumban 1991 babban banki ya karɓe shi. A 1992 gwamnati ta kafa asusun lamuni na musamman don ceton bankuna, ta kuma zuba musu jari na marka biliyan 8. An tattara bankunan ajiya kusan arba'in aka mai da su banki guda, hakan bai yi magani ba, a ƙarshen 1993 aka yanka shi aka raba wa manyan bankuna huɗu. Ruɓaɓɓun basussuka da gidajen da aka ƙwace aka tara su a wani kamfanin gwamnati mai suna Arsenal. A watan Fabrairun 1993 majalisa ta yi alƙawari a bainar duniya cewa gwamnati za ta tsaya wa bankunan Finlan ko ta halin ƙaƙa. Bayan shekara biyu, manyan abokan hamayya biyu, KOP da SYP, suka haɗe suka zama Merita.

Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, wannan gaskiya ne. Amma a ɗaya gefen kantar akwai masu bashi. Akwai waɗanda suka sayi sabon gida kafin su sayar da tsohon, kasuwa ta faɗi, suka maƙale da gida biyu da bashi biyu. Akwai iyayen da suka sa hannu suka tsaya wa ɗansu don ya buɗe shago, shagon ya rufe, banki ya zo ya ɗauki gidan tsofaffin. An sayar da kadarori a wulaƙance, kuɗin bai biya bashin ba, ragowar ta bi mutum shekara da shekaru. A 1993 aka yi dokar da ta ba mutum damar zuwa kotu a tsara masa biyan abin da zai iya, a yafe sauran bayan wasu shekaru. Ta taimaki mutane da yawa, ta kuma zo wa wasu a makare. Har yau akwai 'yan Finlan da ke cewa an ceci banki an bar mai bashi, kuma wannan ƙorafi bai rasa tushe ba.

Almakashin Viinanen

Daga 1990 zuwa 1993 arzikin da ƙasar ke samarwa ya ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Rashin aikin yi ya tashi daga kimanin kashi 3 zuwa fiye da kashi 16. Haraji ya ragu, kuɗin tallafin marasa aiki ya ninka, ga kuma bankuna. Bashin gwamnati, wanda yake wajen kashi 10 cikin ɗari na arzikin shekara a 1990, ya haura rabi kafin wa'adin ya ƙare, kuma kaso mai yawa daga waje ake cin sa. Tsoron ma'aikatar kuɗi shi ne ranar da masu ba da bashin za su rufe ƙofa.

Viinanen ya zama fuskar tsuke bakin aljihu. Yakan fito a talabijin da fuska a murtuke ya gaya wa jama'a cewa baitulmali babu kuɗi. A watan Oktoban 1992 babban jami'in kasafi na ma'aikatarsa, Raimo Sailas, ya fitar da jerin wuraren da za a yanke, takardar da har yau ake kira da sunansa. An rage tallafin da ake ba ƙananan hukumomi, waɗanda su ke riƙe da makarantu da asibitocin unguwa. Daga 1993 aka fara cire wa ma'aikaci wani kaso na albashinsa don fansho. An ƙara haraji a kan albashi da man fetur. A shekarar kuma aka raba harajin jari da na albashi, aka sa wa ribar jari kashi 25 cikin ɗari bai ɗaya, a watan Yunin 1994 kuma harajin VAT na kashi 22 ya fara aiki. Yankan ya iso har nahiyarmu: agajin raya ƙasashe, wanda a 1991 ya haura mizanin kashi 0.7 cikin ɗari da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa, ya ragu da fiye da rabi cikin shekara uku.

Wani abin da ya sauƙaƙa wa gwamnati aiki shi ne gyaran da aka yi wa tsarin majalisa a 1992. A da, kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa na iya jinkirta doka, abin da ya sa kowace gwamnati sai ta lallashi 'yan adawa. Da aka cire wannan, rinjaye kawai ya isa a zartar da yawancin dokokin tsimi.

Inda almakashin ya dakushe shi ne wajen ƙungiyoyin ƙwadago. Da gwamnati ta nufi rage kuɗin marasa aiki, babbar ƙungiyar SAK a ƙarƙashin Lauri Ihalainen ta yi barazanar yajin aikin gama-gari, a 1992 da kuma 1993, kuma duka biyun gwamnati ce ta ja da baya. Akwai kuma wurin da aka ƙi yankewa da gangan, wato kuɗin bincike da fasaha. A shekarun ne aka fara gwajin manyan makarantun koyon sana'a. A watan Janairun 1992 Jorma Ollila ya karɓi ragamar Nokia, kamfanin da ke tangal-tangal a lokacin, ya tattara ƙarfinsa a kan wayar salula. Injiniyoyin da ya buƙata ya same su a gida.

Ɓaraka a cikin gida

Gwamnatin ba ta kai ƙarshe yadda ta fara ba. A watan Afrilun 1992 Eeva Kuuskoski ta ajiye aiki saboda ba ta yarda da yankan da ake yi wa jin daɗin jama'a ba. A shekarar kuma Kauko Juhantalo ya sauka bisa zargin ya cuɗa muƙaminsa da neman bashi wa kamfanoninsa daga bankin SKOP. A 1993 kotun musamman mai shari'ar ministoci ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara guda na jeka-ka-gyara-halinka, majalisa kuma ta kore shi. Mutanen mazaɓarsa suka sake zaɓensa a 1995. Shawarar sayen jiragen yaƙi 64 samfurin Hornet daga Amurka, wadda aka yanke a watan Mayun 1992 ana tsakiyar rage kuɗin makarantu, ita ma ta jawo surutu mai yawa, ko da yake Elisabeth Rehn ta tsaya kai da fata a kanta.

Ƙofar Turai

Duk da wannan ƙunci, a hannun gwamnatin nan ne Finlan ta sauya alƙibla. Ƙasa ce mai iyakar kilomita kusan 1,300 da Rasha, kuma tun 1948 take ɗaure da yarjejeniyar abota da Sobiyet wadda ta taƙaita mata motsi. A watan Janairun 1992 aka maye gurbin yarjejeniyar da wata sabuwa tsakaninta da Rasha. Ranar 18 ga Maris na shekarar Finlan ta miƙa takardar neman shiga ƙungiyar Turai.

Ga Aho wannan tsaka mai wuya ce, domin manoman da suka zaɓe shi su ne suka fi tsoron Turai. Noma a ƙasar da rani bai wuce 'yan watanni ba ba zai iya gasa da na Faransa ko Holan ba sai da tallafi. Da Väyrynen ya bar ma'aikatar harkokin waje a 1993 don neman shugabancin ƙasa, sai Aho ya ɗauko shugaban ƙungiyar manoma, Heikki Haavisto, ya ba shi kujerar, ya tura shi Burasel ya yi cinikin da kansa. An kammala tattaunawa a farkon Maris na 1994. A watan Yuni jam'iyyar Kiristoci ta fice daga gwamnati, ministanta Toimi Kankaanniemi ya ce ba zai goyi bayan shiga ba. A babban taron Keskusta da aka yi a Jyväskylä a watan, Aho ya gaya wa wakilai cewa in ba su mara masa baya ba zai sauka, suka bi shi ba don ransu ya so ba.

Ranar 16 ga Oktoban 1994 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 56.9 cikin ɗari suka ce e. Biranen kudu sun amince, karkarar arewa ta ƙi. Väyrynen ya yi ta dogayen jawabai a majalisa don ya ja lokaci, bai hana komai ba. Ranar 1 ga Janairun 1995 Finlan ta shiga Tarayyar Turai tare da Suwidin da Ostiriya. A lokacin ƙasar ta riga ta sami sabon shugaba, Martti Ahtisaari, wanda Afirka ta sani da aikin 'yancin Namibiya, bayan ya kayar da Elisabeth Rehn a zagaye na biyu na zaɓen 1994.

Hukuncin masu zaɓe

Tattalin arziki ya fara farfaɗowa a 1994, amma mai neman aiki bai gani a tukunyarsa ba. A zaɓen Maris na 1995 Keskusta ta faɗo daga kujeru 55 zuwa 44, SDP ta haura zuwa 63. Paavo Lipponen ya kafa gwamnatin jam'iyyu biyar, har da ta 'yan gurguzu na da da ta masu kare muhalli. Abin lura shi ne bai sauya ministan kuɗi ba. Viinanen ya zauna a kujerarsa har farkon 1996, tsimin kuma ya ci gaba a hannun waɗanda suka yi shekara huɗu suna sukar sa.

Masana ba su daina gardama a kan waɗannan shekaru ba. Seppo Honkapohja da Erkki Koskela, masana tattalin arziki 'yan ƙasar, sun bayyana abin a matsayin haɗuwar rashin sa'a da kuskuren manufa. Rushewar Sobiyet ba laifin kowa ba ne a Helsinki. Sakin bankuna babu linzami laifin gwamnatocin baya ne. Amma nacewa a kan marka mai ƙarfi har zuwa Satumban 1992, da yankan kashe kuɗi a daidai lokacin da kasuwa ta mutu, waɗannan a zamanin Aho aka yi su, kuma masu suka na cewa sun tsawaita ciwon. Masu kare shi na amsawa da cewa ƙasar ba ta taɓa kasa biyan bashinta ba, ba ta miƙa kasafinta ga asusun IMF ba, makaranta ta ci gaba da zama kyauta, asibitin gwamnati bai rufe ba.

Ni dai abin da na fi riƙewa shi ne tsawon lokacin da kowane ɓangare ya ɗauka kafin ya miƙe. Masana'antun da ke fitar da kaya sun warke cikin shekara biyu. Bankuna sun koma cin riba kafin ƙarshen shekarun 1990. Rashin aikin yi kuwa bai sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ba sai wajen 2000, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rasa aiki suna da shekara hamsin ba su sake komawa ba har suka yi ritaya. Esko Aho ya nemi shugabancin ƙasa a 2000, Tarja Halonen ta kayar da shi, daga baya ya bar siyasa ya kama aiki a Nokia. Layin burodin da ya bayyana a Helsinki a zamaninsa, har yanzu ana yin sa.